Shawara nake nema: Sharan mai dizal ta yi wa mai iyali a Sakkwato?

Abu_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san mota. Iyali sun ƙaru, Corolla ta yi mana kaɗan: ni da maiɗakina, yara huɗu, ga Hajiya mahaifiyata da ta dawo wurinmu da zama. An nuna min Volkswagen Sharan ƙirar 2004, inji 1.9 TDI mai shan dizal, giyar hannu shida, kujera bakwai. Dillalin ya ce ba a taɓa yin haya da ita ba, jikinta ma bai nuna wahala ba, kuma kuɗinta ya yi ƙasa da na Sienna sosai. Zirga-zirgata ita ce kai yara makaranta daga Arkilla in wuce wurin aiki, ƙarshen mako mu je gida Tambuwal, sai jefi-jefi Kano ko Kaduna. An ce min ba ta shan mai, shi ya ja hankalina. Amma duk wanda na ce wa dizal ce sai ya girgiza kai. Don Allah wanda ya taɓa riƙe irinta ya gaya min gaskiyar abin da ya gani.

DanMabera:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ƙara haƙuri ka cika kuɗi ka sayi Sienna. Ko yaron da ya shiga gareji jiya ya san Toyota. Dizal ta tirela ce da janareto. Araha ba ta ado.

Direban_Illela:
DanMabera, ka taɓa jan ta ko ji kaj ji? Ni na daɗe ina lodi da Sharon tsakanin Sakkwato da Illela, na ja mai hetur na ja mai gas, wato dizal. Wallahi in munka cika hwasinja munka ɗaure buhunnan albasa baya, mai gas ba ta san an aza mata komi ba. Giya ta huɗu tana tahiya abinta, mai hetur ko sai ka yi ta sabko da giya tana kuka. Man da nika zuba ma mai hetur in tahi in dawo, in mai gas ta sai shi yi min saura mai yawa. Malam Abu Khadija, motag ga mota ta, in dai ka samu mai lahiya.

Injiniya_Gwadabawa:
Bari in zayyana abin da ke cikin motar don a yi maganar a kan abin da aka sani. Sharan da Ford Galaxy da SEAT Alhambra na wancan zamani mota ɗaya ce, masana'anta ɗaya ta ƙera su a Palmela ta ƙasar Fotugal tun 1995. Tambari da fitilu da wasu 'yan abubuwa ne suka bambanta, shi ya sa kayan ƙafar Galaxy ta kafin 2006 da yawa ke shiga Sharan.

Shi kuma 1.9 TDI iri-iri ne. Na kafin 2000, masu doki 90 da 110, famfo ɗaya ke raba wa silinda huɗu mai. Daga 2000 aka koma wanda ake kira PD, inda kowace silinda ke da nata ɗan famfon a haɗe da nozul, kamshaf ne ke danna shi. Ta 2004 PD ce, mafi yawansu doki 115, akwai masu 130. Abin da Direban Illela ke faɗa a kan lodi yana da dalili. Sharan mai fetur 2.0 ita ma doki 115 ce, amma ƙarfin juyinta Nm 170 ne, mai dizal kuwa Nm 310, kuma tana ba da shi tun injin yana zagaye 1,900 a minti. Ke nan ba sai ka matsa mata ba take ja. A tsere ba ta da wani abin a zo a gani, kusan daƙiƙa 14 take ɗauka kafin ta kai 100, amma mai iyali ba tsere ya fito yi ba. Tankinta lita 70.

Malam Abu Khadija, ka buɗe bonet ka duba 'yar takardar da ke manne a murfin taimin bel, wato bel ɗin da ke juya kamshaf. In ka ga AUY mai 115 ce, in ASZ mai 130.

Malam_Na_Kware:
A yi lissafin man, tunda shi ya ja hankalinsa. A takardar kamfani TDI 115 tana shan tsakanin lita 6 da 7 a kilomita 100. Tsohuwar mota ce, ga AC ga lodi ga zafinmu, mu ce lita 8. Sienna mai 3.3 V6 wajen lita 12 take sha, a cikin gari ta wuce haka. To sai litar dizal ta kai ninki ɗaya da rabi na litar fetur kafin su yi kunnen doki. A 2022, lokacin da fetur ke ƙasa da naira 200 dizal kuma ya haura 700, mai motar dizal asara yake tafkawa, kuma a nan ne mutane suka tsorata da ita. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 tazarar ta ragu ƙwarai, ga matatar Dangote ta fara sayar da dizal a 2024. Tambuwal kusan kilomita 100 ce. Zuwa da dawowa, lita 16 ke nan a Sharan, 24 a Sienna. Ka je gidan mai yau ka ga farashin kowanne ka buga da kanka.

DanMabera:
Malam Na Kware, ka lissafa mai ka bar gyara. Nozul ɗaya na irin wannan injin in ya mutu, ribar man wata nawa ce ta tafi?

Hajiya_Ummu_RunjinSambo:
Maza kuna ta zancen inji, ba wanda ya tambayi inda za a sa kaya. Mun riƙe Galaxy irin wannan a gidanmu. In duk kujerun bakwai suna ciki, but ɗin ba ya ɗaukar abin kirki, akwati biyu da kular abinci sun cika shi. Kai kuma ku bakwai ne cif, ba kujerar da za ka cire. Ranar tafiya Tambuwal da sallah, ina kayan yara, ina na Hajiya, ina buhun geron da za a ba ku a dawowa? Kujerun bayan ba sa nutsewa cikin ƙasan motar irin na Sienna, ciro su ake yi gaba ɗaya, kuma suna da nauyi, ni ban iya ɗaga ɗaya ni kaɗai. Ƙofofinta kuma na buɗewa ne, ba na turawa ba, kullum a bakin makaranta hankalina na kan kada yaro ya banka ƙofa mai babur na tahowa.

Abin da zan yaba mata, kowane yaro da kujerarsa da bel ɗinsa, faɗan "matsa min" ya ƙare. Kuma ba ta da tsayi, tsohuwa mai ciwon ƙafa tana shiga ba wahala.

Sai tambaya ɗaya: maiɗakinka tana tuƙi? In tana yi, ta iya giyar hannu?

Abu_Khadija:
Hajiya na gode, wannan ta but ban kawo ta a raina ba sam. Tana tuƙi, amma otomatik ta saba da ita.

Injiniya_Gwadabawa:
Hajiya ta yi gaskiya. Da kujera bakwai wurin kayan lita 256 ne kacal. In ka cire biyun baya ya haura 800, in ka bar na gaba biyu kaɗai ya kai 2,610. Maganin mai mutum bakwai shi ne abin ɗaura kaya a saman rufi, shi kuma yana ƙara shan mai a doguwar hanya. Game da giya, ka riƙe ta hannun. A tsohuwar Sharan ita ta fi ƙarko, gyaran otomatik ɗinta ba ƙaramin aiki ba ne.

Usta_Buzaye:
Salamu alaikum. Ni bakanike na, kuma motocin ga suna zakuwa hannuna. Alhaji, injin 1.9 bai da laihi, cikin injunan gas na ƙananan motoci shina cikin masu tsawon rai. Mutane ka kashe shi da hannunsu, kuma hanya ukku ta.

Ta hwarko baƙin mai. PD bai shan kowane mai. Sai wanda anka rubuta VW 505.01 ga jikin galan, yawanci 5W-40. Dalili, kamshaf ɗin shi ad da aikin danna nozul da buɗe bawul gaba ɗai, nauyin da ke kainai ya yi yawa. In kana mashi juye da man awo na bakin hanya, sannu-sannu kamshaf shi cinye, ka ji mota tana bubbuga ga wurin iska, ƙarhi ya tahi. Man ga ba kowane shago ad da shi ba, wani lokaci sai an aiko daga Kano, kuma akwai jabu.

Ta biyu taimin bel. Ranar da kas sayi motar, kahin ka kai ɗiyanka makaranta, a canza bel da tenshina da famfon ruwa gaba ɗai. Kada ka yarda da "an canza kwanan nan". In bel ya tsinke tana tahiya, fistin na bugun bawul, aikin ya koma na saman inji duka.

Ta ukku gas ɗin kainai. Wanda anka gauraya da kananzir bai da santsin da nozul ka so, wanda ad da ruwa ko tsatsa shika sa su. Kada ka sha ga 'yan bumburutu. Ka nemi gidan man da tireloli da tifofi ka yawan shiga, don man nasu bai kwana cikin tanki. Filtar mai a riƙa canza ta da wuri, kuma kada ka bari tanki shi ƙare ƙaf, don in ta ja iska tada ta wahala ta.

Bagobiri_84:
Usta Allah shi saka da alheri. To amma kai ɗaya ne ko akwai irinka da yawa? Don ni matsalata ke nan. Na taɓa riƙe Zafira mai dizal, ta tsaya min a wani gari kan hanyar Goronyo. Bakaniken da na samu na fetur ne, ya yi ta kwance-kwance yana neman abin da bai sani ba, daga baya aka kira mai gyaran tarakta, shi kuma bai san wayarin ba. Ƙarshe janyo ta aka yi zuwa Sakkwato, ashe wata 'yar sensa ce. A cikin gari ba damuwa. A ƙauye ne za ka gane bambancin Toyota da sauran.

Sarkin_Hanya:
Wannan magana ta Bagobiri ita ce babba a wurina. Hanyar Gusau ba ta yadda muka san ta da ba ce. Mutum da mata da yara da tsohuwa, mota ta mutu masa tsakanin Tureta da Mafara da la'asar sakaliya, wa zai tuna da litar man da ya rage? Allah ya tsare. Duk motar da za ka saya, ka sayi wadda ka amince ba za ta kwana da kai a daji ba.

Direban_Illela:
Amin. Amma Sarkin Hanya ka dibi ɗayan gehen. Tanki guda na motag ga shina kai ka Kano, sama da kilomita 500, da saura mai yawa. Ba tsayawa neman mai, ba layi. Lokuttan da anka yi ta wahalar hetur, motoci suna kwana gidan mai, mu masu gas shiga mukai mu sha mu hita. Kuma Sienna ma tana mutuwa ga hanya, na gani da idona ba sau ɗai ba.

Yar_GawonNama:
Ni dai abin da zan ce, Malam ka tabbatar tana da AC na baya. Ba duka ke da shi ba. Motar gilashi ne ko'ina, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, na gaba kaɗai ba ya isa layi na uku. Yaran da ke can baya su ne za su sha wahala. Ka duba rufin ko akwai ramukan iska a saitin kujerun baya. Kuma ka kunna ta ka zauna ciki da Hajiya ta ji ƙarar, don injin dizal yana da kwaramniya da jijjiga in yana tsaye, wasu tsofaffi ba sa so.

Alhaji_Kalambaina:
Ina karanta ku tun ɗazu. Abu Khadija ɗana, kowa yana magana a kan tafiyar Tambuwal da Kano, alhali kwana biyar cikin bakwai motarka tsakanin Arkilla da makaranta da ofis za ta yi. Injin dizal ba ya son haka. Kafin ya ɗau zafin da yake buƙata ka riga ka kashe shi. Hayaƙi ya riƙa taruwa a bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji da bututun shigar iska, fikafikan cikin turbo su cushe. Wata rana kana son wuce tirela sai motar ta sake, ba ta wuce wani gudu, sai ka kashe ka sake tadawa ta dawo daidai. Na gani a tawa. Su Direban Illela ba sa ganin wannan don kullum motarsu a kan titi take tana gudu. Kai tafiyar Tambuwal ta mako-mako ce za ta cece ka, in har kana yin ta ba fashi, kuma ka riƙa buɗe mata wuta a hanya ba lallaɓawa ba. In ka iso kuma ka bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, turbo ya huce.

Malam_Na_Kware:
Alhaji ya gyara min lissafi. Lita 8 ɗin da na faɗa na gauraye ne. A gajeriyar tafiya cikin gari da AC za ta wuce haka. Amma ita ma Sienna haka take hawa, har ta fi.

Matashi_Dundaye:
Ni tambayata, me ya sa ba zai nemi sabuwar Sharan ta 2010 zuwa sama ba? Tana da ƙofar turawa, kujerun baya suna kwantawa ƙasa, duk ƙorafin Hajiya Ummu ya kau.

Injiniya_Gwadabawa:
Jikinta ya fi, ba musu, amma injinta 2.0 TDI ne na zamani, an ƙera shi don man Turai. A can tun 2009 sinadarin salfa a dizal ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Mu nan an yi shekaru ana yarda da har 3,000, daga baya ne aka matse dokar. Sabuwar tana da matatar hayaƙi a salansa da ake kira DPF, wadda ke buƙatar doguwar tafiya kafin ta ƙone tokar da ta tara, ga ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi, ga giyar DSG mai kuloci biyu a yawancin otomatik ɗin. Kowanne cikinsu in ya tashi sai mai kwamfuta da ya san aikin. Mai yawon cikin gari irin Malam Abu Khadija, DPF za ta riƙa toshe masa. In dizal ɗin ce dai, tsohuwar 1.9 ta fi dacewa da nan, don ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Kuɗin ma ba kusa suke ba.

Matashi_Dundaye:
To ai ana cire DPF ɗin a gyara kwamfutar motar.

Hajiya_Ummu_RunjinSambo:
Ana cirewa, sai hayaƙin ya fito wa? Yaran da ke tsaye a bakin makaranta da mai babur da ke bayanka. Da hunturu ƙura kaɗai ta ishi masu asma.

Dan_Kasuwar_Kara:
Wani abin da ba a taɓo ba shi ne ranar sayarwa. Sienna ko da tsakar dare ka ce za ka sayar, akwai mai saye. Sharan mai dizal sai direbobin haya, su kuma sun san ba ka da wani mai sayen, sai su taya yadda suke so. Da yawa cikin waɗanda ke tasha ma an cire musu injin dizal an dasa na fetur. Sannan yanzu da gwamnati ke ta zancen CNG, iskar gas da ake ɗura wa mota a tukunya, mai fetur ake juyawa cikin sauƙi. Injin dizal ba shi da fulogi, ba a mayar da shi CNG zalla haka kawai.

Bagobiri_84:
CNG ɗin a ina zai riƙa sha tsakanin Arkilla da Tambuwal? Kuma tukunyar a but ake sa ta, but ɗin da Hajiya ta ce bai isa ba. A bar wannan tukuna.

Abu_Khadija:
Na koma wurin motar da yamma. Injiniya, AUY ce. 'Yar Gawon Nama, akwai ramukan iska a rufin baya, amma sanyin kaɗan ne, dillalin ya ce gas ɗin AC ne ya yi ƙasa. Mita tana nuna kilomita dubu ɗari da sittin da wani abu. Na lura fankar lagireto tana tashi da zarar an murɗa makulli, ba ta tsayawa. Da na taka kuloci kuma na ji wata 'yar kaɗawa a ƙafata. Takardun kwastan ya ce suna wurin mai motar.

Usta_Buzaye:
Alhaji, abu biyu ka hwaɗi da ba su yi min daɗi ba. Fanka da ka tashi da makulli, an haɗa ta kai tsaye ke nan, kuma wanda ka yin haka yawanci shina cire tamostat, abin da ka daidaita zahin inji. Ko dai motar ta taɓa zahi anka ɓoye, ko an yi don tsoron zahin Sakkwato. Duka biyu ba daidai na ba. Injin ga wurin digiri 90 shika son aiki. In babu tamostat bai kai nan, sai shi ƙara shan mai shi ƙara tara hayaƙin da Alhajin Kalambaina yaf faɗi. Kuma wannan na nuna maka motar ta zauna hannun wani nan ƙasar, ba yanzu tas sabka ba.

Kaɗawar kuloci ko, ina zaton filawil na, ƙarhen da kuloci ka kamawa. Nata mai ɓari biyu na da sifirin ciki, in ya gaji haka shikai, kuma shina da tsada. Wasu na sa mai ɓari guda, ya hi araha, amma jijjiga na ƙaruwa kuma giyabos ka ɗaukar ta.

Mita kuma kada ka dibe ta. Mota ta 2004 mai gas, can Turai don doguwar tahiya aka sayen su. Dibi sitiyari da robar birki da kujerar direba, su ka hwaɗin gaskiya. AC ɗin ma bututunai har baya sunka tahi ta ƙarƙashin mota, in gas ya yi ƙasa akwai inda shika hita. Nan ƙasa kuma akwai wani ɗan abin ɗumama mota mai ƙona gas da anka sa don sanyin Turai, da bututun ruwa masu zuwa baya. Nan bai da aiki, amma in bututun sunka ruɓe ruwan inji ka zubewa. A ɗaga ta a diba.

DanMabera:
Kun ji ko? Filawil, taimin bel, tamostat, AC, mai na musamman daga Kano. A tara kuɗin waɗannan a ɗora kan kuɗin motar a gani ko ba a kusa Sienna ba. Ƙari kuma, mu nan Mabera mun san damina. Motar nan ƙasa take, kwanon baƙin manta na alminiyom ne, dutse ɗaya ya fasa shi. In kuma ta shaƙi ruwa ta wurin iska, injin dizal matsinsa ya fi na fetur nesa, kwanrod, sandar da ke riƙe fistin, yake lanƙwasawa nan take.

Direban_Illela:
Sienna 3.3 ita ma bel gare ta ba sarƙa ba, kuma ita ma ƙasa take. Wadda za ka samu da kuɗɗin da ya ɗara na Sharon kaɗan, ita ma ta sha wuya hannun wani. Ba sabuwa za a ba shi ba.

Injiniya_Gwadabawa:
Haka ne, mai 3.3 ta 2004 zuwa 2006 bel ce, daga 2007 da aka koma 3.5 ne aka sa sarƙa. Ita ma a canza mata in an saya.

Kawu_Shuni:
Takardun nan da ya ce suna wurin mai mota, kada ka ba da ko kwabo sai ka gan su, ka kai an duba lambar shasi ta yi daidai. Ga Janairun 2017 anka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, kuma mu da muke kusa da boda mun san yadda wasu ka shigowa. Za ka yi shekara cikin gari ba wanda yat tambaye ka, ranar da kad ɗauki hanyar Kaduna da iyali ranar za a tsai da kai.

Ummu_Sadiq:
Ƙarin abu ɗaya ga duk mai ƙaramar mota ta dizal. Yaran gidan mai sun saba duk ƙaramar mota fetur ce. Mijin yayata ya tsaya a wani gidan mai yana amsa waya, yaron ya ɗura masa fetur. Allah ya sa ya lura kafin ya tada motar, aka tura ta gefe aka zuƙe tankin. Da ya tada ta ya yi tafiya, da nozul sun tafi. Ka rubuta DIZAL da manyan baƙaƙe a murfin tankin, kuma ka riƙa fitowa kana tsayawa a kansu. In Madam za ta riƙa fita da ita, ita ma a gaya mata.

Alhaji_Kalambaina:
Da ƙura kuma. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu filtar iska ba ta kai lokacin da littafi ya ce. Masu busa ta da iska mai ƙarfi suna huda takardar ne, ƙurar ta wuce ta ci fikafikan turbo ta ɓata sensar iska. A sayi sabuwa mai kyau, ba ta kai kuɗin turbo ba.

Abu_Khadija:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru sosai. Har yanzu raina yana kan ta saboda man da kuma yadda na ji tana ja, amma maganar Usta ta sa na dakata, ga maiɗakina ta ce ita giyar hannu ba za ta fita da yara da ita ba sai ta koya. Na ce wa dillalin ba zan ƙara magana ba sai bakanikena ya gani kuma an kawo takardu. Usta, me za mu duba in mun je?

Usta_Buzaye:
Ku tahi da sahe, kuma ka ce kada kowa shi tada ta kahin ku iso. Aza hannu ga inji ka tabbata sanyi garai. Mai lahiya bugu guda taka tashi. In ta daɗe tana ja, ko hwarin hayaƙi ya ɗauki lokaci bai ɗauke ba, akwai magana. Tana aiki a buɗe murhin baƙin mai a ga ko hayaƙi na bugowa da ƙarhi. A dibi robar ruwa ko akwai mai ciki ko tana kumhwa. Sannan ku ɗauki mutum huɗu ko biyar ku hau hanyar Bodinga, ka sa giya ta huɗu ka take totur har ƙasa tun tana tahiya sannu, ka ga ko za ta sake ko kuloci shi zame. A gwada gilasai da makullan ƙohwa duka, don wayoyin da ke cikin robar ƙohwa suna karyewa. Daga nan a sa mata kwamfuta. In mai ita ya ƙi yarda da ɗaya cikin waɗanga, ka bar mashi abinai.

Dan_Kasuwar_Kara:
Kuma kafin ku je ka tambayo kuɗin filawil da kuloci da kayan taimin a kasuwa, ka rubuta, ka cire su daga abin da za ka taya.

DanMabera:
Ni dai ina nan kan bakana. Amma in ka dage sai Sharan, me zai hana ka duba mai fetur 1.8T? Doki 150, kuma ba ruwanka da neman gidan man tirela.

Direban_Illela:
1.8T ita ma turbo gare ta, ita ma mai kyau taka so, kuma da mutum bakwai da kaya shan manta bai da nisa da na Sienna. In hetur na, gara 2.0, ita ag ga hannun mafi yawanmu tasha, kayanta ko'ina akwai. Sai dai in ta cika da mutane ka kunna AC, kada ka yi gaugawar wuce tirela.